Daren da Na Gane Ni Ne Waziri

Ƙannena ɗalibai, idan wani ya tambaye ni amfanin karanta littafin labari, ba na tsayawa dogon bayani. Labarin wata jarkar fetur nake ba shi. Na daɗe ina jin nauyin faɗarsa, domin ba ni ne gwarzon cikinsa ba.

Ni ɗan wani ƙauye ne a ƙaramar hukumar Bebeji, kusa da madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo. Albarkacin ruwan nan ba mu san zaman rani ba. Da an gama girbin damina sai a koma tumatir da albasa da alkama. Mahaifina yana da 'yar gona a bakin ruwa da injin ban-ruwa guda ɗaya, wanda yake lallaɓawa kamar ƙwai.

Ina da shekara biyu zazzaɓi ya kwantar da ni. Da na tashi, ƙafata ta hagu ba ta tashi tare da ni ba. Shan inna. Tsofaffi suka ce wata aljana ce ta sha ƙafar, aka yi hayaƙi, aka shafa saiwoyi, ƙafa dai ta ci gaba da ƙanƙancewa. Haka na taso da sanda. Yara suna ƙwallo, ni ina gadin takalmansu. Ana tafiya gona, ni ake cewa in zauna a rumfa in kori tsuntsaye. Ba wanda ya zage ni a gidanmu, amma akwai wani irin kallo da ya fi zagi ciwo, kallon da ke cewa, “Allah sarki.”

Wurin da na fi sakewa shi ne ɗakin kakata da daddare, lokacin tatsuniya. Na fi son ta 'yar bora da 'yar mowa, domin a ƙarshe wadda aka wulaƙanta ita ke samun alheri. Sai dai na lura da wani abu. A duk tatsuniyoyin da na ji, idan gurgu ya fito, ko dai abin dariya ne ko abin tausayi. Ban taɓa jin wadda ya zama shi ne mai labarin ba.

Wanda ya buɗe min wata ƙofar shi ne kawuna, ƙanen mahaifiyata, malamin firamare a Tudun Wada. Duk hutu sai ya hau mota zuwa Kwanar Ɗangora a ƙasar Kiru, ya canja wata ya iso wurinmu, riƙe da jakar leda cike da tsofaffin littattafai. Wasu ba bango, wasu gara ta ɗanɗana. A ciki na samu guda biyu da suka zauna min.

Na farko Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda ya fito a 1969, shekarar da ɗan Adam ya fara taka duniyar wata. Labarin wani yaro ne, Kilba, da wani baƙo daga sama ya ɗauka ya tafi da shi yawon sararin samaniya. Kwafin da na samu shafukan ƙarshe sun yage. Na dami Kawu ya faɗa min yadda aka ƙare, ya ƙi. Ya ce, “Kai me kake gani ya faru? Kuma me ya sa kake ganin haka?” Wannan tambaya ta biyu ita ce ta fi ba ni haushi, domin duk amsar da na kawo sai ya ce in nuna masa inda labarin ya ba ni hujja. Daga nan na fara tambayarsa ko da gaske akwai tauraro mai wutsiya. Ya ce akwai, har akwai wani da ake kira Halley da ke dawowa kusan duk shekara 76. An gan shi a 1986, ana sa ran dawowarsa a 2061. Na ce ta yaya aka sani? Ya ce da lura da lissafi.

Ban gama yarda ba sai ranar Laraba 29 ga Maris, 2006. Tun kafin ranar rediyo ke ta sanarwa cewa za a yi husufin rana, har da lokacin da zai fara. Da hantsi kuwa gari ya fara dusashewa, zafi ya sauka, kaji suka rikice. A wajenmu ranar ba ta rufe ruf ba, amma ta zama kamar jinjirin wata. Malaminmu ya hana mu ɗaga kai, ya ce kallonta yana lalata ido, ya nuna mana ƙarƙashin darbejiya. Duk 'yan ɗigon hasken da ke ratsowa ta ganye sun koma siffar lauje, ɗaruruwa a ƙasa. Na tsaya da sandata ina kallo. Abin da ya fi girgiza ni ba duhun ba ne. Wasu mutane ne suka zauna da alƙalami suka faɗi rana da sa'a, kuma aka yi yadda suka faɗa.

Littafi na biyu kun san shi, Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda aka buga a Zariya a ƙarshen shekarun 1930. A littafin farko sarki ya tafi yaƙi, waziri yana ƙulla makirci, Musa yana neman ficewa daga gida, aku kuma yana tsare shi da labari dare bayan dare har gari ya waye. Yawancin abokaina labaran ciki suka fi so. Ni kuwa akun nake so. Ba shi da doki, ba shi da takobi, ko gudun kirki ba zai iya ba, amma shi ya tsare gidan sarki da bakinsa da hankalinsa. A raina na ce, ni ne wannan. Karo na farko ke nan da na ga kaina a cikin littafi ba a matsayin abin tausayi ba.

To, a ranin shekarar nan Baba ya ɗauki wani yaro aiki. Ya zo cin rani ne tare da baffansa daga wani ƙauye a ƙasar Doguwa, can wajen dajin Falgore, ta inda Kogin Kano ke ratsowa kafin ya zuba a Tiga. Kowa Ɗan Doguwa yake ce masa. Bai fi ni da shekara biyu ba, amma shi kaɗai yake saɓa injin a kafaɗa. Ba shi da yawan magana. Wata rana ruwa ya cika lambatu na kasa tsallakawa, bai ce komai ba ya durƙusa ya goya ni. Bai taɓa kallon ƙafata ba.

Amma na tsane shi. Dalili kuwa, wata yamma na ji Baba yana gaya wa maƙwabcinmu cewa yaron nan ya ɗauke masa aikin mutum uku, da ma a ce ɗansa ne. Baba bai san ina bayan zana ba, kuma na tabbata bai yi nufin komai da ni ba. Ni kuwa maganar ta shige ni kamar ƙaya.

Cikin watan Afrilu, zafi ya kai zafi, Baba ya sayo fetur a jarka ya ajiye a rumfar gona. Murfin jarkar ya daɗe da fashewa, da leda da roba ake ɗaure bakin. Injin ya samu matsala, aka kai shi gyara, ya yi kwana huɗu. Da aka dawo da shi Baba ya duba jarka ya ga fetur ya sauka ƙasa da inda ya yi alama. Ba da yawa ba, amma ido zai gani. Ɗan Doguwa ne ke kwana a rumfar.

Aka tara mu a zaure. Yaron ya rantse bai taɓa ba. Baba ya juyo ya ce, “Kai da kake wuni a rumfa, ba ka ga komai ba?”

Na ce, “Na gan shi a wajen jarkar.”

Ban yi ƙarya ba. Na gan shi, ya matsar da ita ne daga rana zuwa inuwa. Amma na san yadda za a ji maganar, kuma don a ji ta haka na faɗe ta. Kafin Baba ya ce uffan, yayana ya kwaɗa wa yaron mari. Bai yi kuka ba, bai rama ba. Ni kawai ya kalla, sannan ya sunkuyar da kai. Baba ya ce za a cire kuɗin daga ladansa, in baffansa ya dawo daga Tudun Wada a yi magana. Kafin la'asar yaran unguwa sun fara kiransa ɓarawon fetur.

Daren nan na kunna aci-balbal na ɗauko Magana Jari Ce don in ɗebe kewa. Na buɗe inda na saba, amma karatun ya ƙi tafiya. Ina ganin waziri yana shirya magana, yana nuna shi mai kishin gida ne alhali hassada ke cinsa, sai na ji kamar an ɗora min dutse a ƙirji. Wata da watanni ina cewa ni ne aku. Ashe yau ni ne waziri. Aku ya yi amfani da bakinsa ya hana a yi gaggawa. Ni na yi amfani da nawa na jawo wa wani mari.

Da asuba na sami Kawu, wanda ya zo hutu, yana zaune a kan buzu bayan salla. Na faɗa masa komai, har abin da na ji a bayan zana. Na zaci zai yi min faɗa. Sai ya yi shiru, can ya ce, “Za ka gaya wa babanka gaskiya da bakinka, wannan dole ne. Amma ko ka faɗa, fetur dai ya ragu. Ina ya tafi?”

Na ce ban sani ba.

Ya ce, “Idan ka shiga rumfar nan, me kake fara ji?”

Na ce, “Warin fetur.”

“Kana nesa da jarka, bakinta a ɗaure. Me ya zo hancinka?”

Na buɗe baki na rufe. Ban taɓa tunanin wari wani abu ba ne mai jiki. Ashe abin da nake shaƙa kullum fetur ne da ya bar jarka ya bi iska. Kawu ya ce fetur ya fi ruwa saurin zama tururi nesa ba kusa ba, kuma zafi na ƙara masa gudu, shi ya sa in ya zuba a hannu nan da nan yake bushewa ya bar sanyi. Na yi tsalle da ƙafa ɗaya na ce shi ke nan, mun gano, rana ce ɓarauniyar.

Ya ce, “Zauna. Jiya ka yi gaggawa ka ce yaro ne. Yau kana gaggawa ka ce rana ce. Me ya bambanta ka da jiya? Gwada tukuna.”

Da muka je wa Baba da maganar, sai da na fara da tawa. Na ce yaron matsar da jarka kawai na ga ya yi. Baba ya daɗe yana kallona, bai tambaye ni dalili ba, ni ma ban faɗa ba. Sannan Kawu ya ce, “Yaya, a ba mu kwana uku kafin a taɓa ladan yaron nan.” Baba ya ce shi ma ya san fetur na bin iska, amma bai zaci zai kai haka ba. Ya yarda.

Kawu ya samo kwalabe biyu iri ɗaya masu faɗin baki, ya zuba fetur daidai wa daida, ba cikawa ba. Ɗaya ya rufe da murfinta mai kyau, ɗaya ya ɗaure da leda da roba kamar jarkar. Ni na ɗaura zare a kan kowace daidai inda fetur ya tsaya. Na ce a sa su a tsakiyar rana don a gani da wuri. Kawu ya ce a'a, jarkar a ƙarƙashin rumfa take, idan muka sa a rana mun yi wa gwajin maguɗi. Na ce to a kai su gona. Ya ce idan suka ragu a can, wani zai ce yaron ne ya sake ɗiba. A ƙarshe aka hau da su saman soro, nesa da wuta da yara, aka yi musu 'yar inuwa da zana, Baba ya kulle tsani a ɗakinsa. Na tambayi Kawu amfanin kwalbar da aka rufe, tunda mun san ba za ta ragu ba. Ya ce, “Ka sani, ko kana zato? Ita ce shaidarmu. In ita ma ta ragu, to akwai abin da ba mu gane ba.”

Kwana ukun nan sun fi min shekara tsawo. Ina tsoron kada fetur ya ƙi raguwa, ina kuma tsoron ya ragu, domin kowanne ya faru akwai abin da zai faɗa a kaina.

Ranar ta uku aka sauko da su a gaban kowa. Mai murfi tana nan daidai zare. Mai leda ta sauka ƙasa da zarenta, yadda ko yayana bai iya musu ba. Na ce da ƙarfi, “Kun gani, bai sata ba!” Kawu ya gyara min. Ya ce kwalba ba ta ga abin da ya faru a gona ba. Abin da ta nuna shi ne fetur na iya raguwa ba tare da ɓarawo ba. Tunda kuwa ba wanda ya ga yaron ya ɗiba, ba mu da hujjar tuhumarsa tun farko. Ba aikinsa ba ne ya wanke kansa, aikin mai zargi ne ya kawo shaida.

Baba ya kira Ɗan Doguwa gaban baffansa ya nemi afuwarsa, ya sa yayana ma ya nema. Ni ma na je na same shi a rumfa na ce ya yafe min. Ya ce, “Ba komai.” Ya ci gaba da naɗe tiyo. Ya ƙarasa aikin ranin, aka biya shi cif, ya koma garinsu da saukar damina. Shekara ta zagayo baffansa ya dawo, shi bai dawo ba. Yaran unguwa kuwa wasu ba su daina kiransa da wancan suna ba har ya tafi, domin labarin zargi ya fi labarin wankewa saurin yawo. Kwalba ta mayar masa da ladansa, amma ba ta goge mari ba.

Bayan haka na fara yi wa ƙafata irin tambayar da Kawu ya yi wa jarka. Na bi malamin kimiyya, na bi wani ma'aikacin lafiya, har na gane cewa ba aljana ba ce. Wata ƙwayar cuta ce da ke shiga ta baki, ta ruwa ko abincin da ƙazanta ta taɓa, wani lokaci ta kai ga jijiyoyin da ke motsa gaɓoɓi ta lalata su. Ba ta da magani in ta yi ɓarna, amma rigakafi na hana ta. Ranar 25 ga Agusta, 2020, aka ayyana Afirka ta rabu da nau'in cutar na asali, bayan shekaru ana bin gida-gida ana ɗiga wa yara rigakafi. Sanin nan bai tsawaita ƙafata ko da taƙi ɗaya ba. Amma ya sauke min wani kaya. Ba a zaɓe ni don a hukunta ni ba, ba laifin mahaifiyata ba ne, ba nawa ba ne. Kuma na fahimci cewa ba Ɗan Doguwa na tsana ba. Ƙafata na tsana, shi kuma ya zo wucewa.

Shi ya sa nake ganin abubuwa ukun nan a ɗaure suke da igiya ɗaya. Wanda bai yi sulhu da kansa ba yakan nemi wanda zai huce a kai. Wanda ke neman wanda zai huce a kai ba ya jiran hujja. Littafin labari mai kyau ba ya tsayawa ya ce maka yi kaza, bar kaza. Yakan sa ka zauna a cikin wani mutum na ɗan lokaci, ka ga yadda duniya take daga inda yake tsaye. Wani lokaci ka tarar da kanka a cikin gwarzo. Wani lokaci, in kana da gaskiya, ka tarar da kanka a cikin mugun. Na biyun ya fi ciwo, kuma shi ya fi min amfani.

Don haka in kun ɗauki littafi, na Hausa ne ko na Turanci, kada ku tsaya kan wa ya ci wa ya faɗi. Ku tambayi labarin: ta yaya wannan ya san abin da yake faɗa? Wa aka yanke wa hukunci ba a ji ta bakinsa ba? Wa aka mayar abin dariya, kuma don me? In kuna son yin gwajinmu, ku bar fetur, wuta ce. Ku zuba ruwa daidai a kofi biyu, ku rufe ɗaya, ku bar ɗaya a buɗe, ku yi alama, ku duba bayan kwana uku. Ku rubuta abin da kuke zato kafin ku duba, don kada zuciya ta ce muku ai da ma kun sani.

Har yau ina jiran littafin Hausa da yarinya mai sanda daga Kiru, ko yaro mai i'ina daga Riruwai, zai zama shi ne mai warware matsala, ba wanda ake tausaya wa a gefen hanya ba. Wataƙila mai rubuta shi yana aji uku yanzu, yana karanta wannan shafi.

Ni kuwa duk sanda na bi hanyar Jos, mota ta wuce Tudun Wada ta shiga Falgore, nakan dubi mutanen da ke bakin titi. Yanzu shi ma magidanci ne, mai yiwuwa ko mun haɗu ba zan gane shi ba. Amma ina dubawa.